Labarin Janar Grant, Ɗan Majemin Da Ya Zama Sarkin Yaƙin Amurka

A ƙasar Amurka, can ƙetaren babban teku, an yi wani yaƙi mai tsanani daga shekarar 1861 zuwa 1865. 'Yan ƙasa ɗaya ne suka rabu biyu, Arewa da Kudu, suka ɗauki makamai suka auka wa juna. Irin wannan shi a ke kira yaƙin basasa, kuma ba yaƙin da ya kai shi muni, don kuwa maƙwabci ke harbin maƙwabcinsa, wani lokaci ma wa da ƙane su kan sami kansu cikin runduna biyu masu gaba da juna. Mutum fiye da 600,000 suka hallaka cikin shekaru huɗun nan.

Sarkin yaƙin da ya jagoranci rundunar Arewa har ta ci nasara sunansa Ulysses Grant. Shekara guda kafin a fara yaƙin, mutumin nan akawu ne a kantin fatu na ubansa, kuma mutanen garinsu suna yi masa kallon wanda ya gwada kome ya kasa. Ga labarin yadda ya tashi daga bayan teburin kanti ya kai inda ya kai.

Ƙuruciyarsa

An haifi Grant ran 27 ga watan Afrilu, 1822, a wani ƙauye da a ke kira Point Pleasant, a bakin kogin Ohio. Yana jinjiri iyayensa suka ƙaura zuwa garin Georgetown, can ya girma. Ubansa, Jesse Grant, majemi ne mai rufin asiri, ga shi da yawan magana. Uwarsa Hannah kuwa mace ce mai kawaici. Yaron halin uwarsa ya ɗauko, bai cika magana ba sai an tambaye shi.

Tun yana ƙarami ya ƙi aikin jima, ba ya iya jure warin fatu da ganin jini. Abin da ya ke so shi ne dawaki. Yana ɗan shekara takwas ya ke kora keken doki ya ɗauko itace daga daji, da ya kai shekara 11 kuwa shi ke riƙe garmar da dawaki ke ja a gonar ubansa. In doki ya gagari mai shi, wurin yaron nan a kan kawo shi ya hore shi.

Wata rana ya ga wani dukushi wurin wani manomi, ya ƙwallafa rai a kansa. Ubansa ya ce ya je ya taya dala 20, in mai shi ya ƙi ya ƙara biyu da rabi, in ya sake ƙi sa'an nan ya ba da 25. Da isarsa sai ya kwashe duk abin da uban ya gaya masa ya faɗa wa manomin, tun daga tayin farko har na ƙarshe. Manomi kuwa ya ce sai 25. Labari ya bazu cikin gari, yara suka yi ta yi masa dariya, har suka karkata sunansa zuwa wata kalmar Turanci mai ma'anar marar amfani.

Amma yana da wani hali da ba wanda ya kula da shi a lokacin. In ya kama hanya ba ya son juyawa. Ko ya wuce mararrabar da ya kamata ya bi, gara ya ci gaba ya nemi wata hanya ta zagaye da ya koma ta inda ya fito.

Makarantar soja da yaƙin Meksiko

Cikin 1839 ubansa ya samar masa wuri a makarantar horon hafsoshi ta West Point, ba tare da ya shawarce shi ba. Grant bai so zuwa ba, amma ya bi maganar ubansa. Sunan yankansa Hiram Ulysses Grant, sai wakilin majalisar da ya rubuta takardar shigarsa ya yi kuskure ya sa Ulysses S. Grant. Makaranta ta ƙi gyarawa, sunan ya bi shi har ƙarshen ransa. Ya iya lissafi, kuma ba mai kama ƙafarsa a sukuwa, amma sauran darussa bai dame su ba. Da suka gama cikin 1843, shi ne na 21 cikin ɗalibai 39. Ya so a sa shi cikin sojan doki, aka tura shi sojan ƙasa.

Daga 1846 zuwa 1848 Amurka ta yi yaƙi da maƙwabciyarta Meksiko. Aikin da aka ba Grant shi ne kula da guzuri da alfadarai da kayan runduna. Wannan aiki ba ya jawo suna, amma a nan ya gane cewa soja da cikinsa ya ke tafiya. Duk da haka in an soma ɗauki ba daɗi ba ya zama a baya. A garin Monterrey harsashi ya ƙare wa mutanensa, sai ya maƙale a gefen dokinsa, ya keta titunan da a ke ruwan wuta a guje don ya nemo taimako. A bakin birnin Meksiko kuma shi da 'yan mutanensa suka hau da ƙaramar igwa kan hasumiyar wata majami'a, suka riƙa harbi daga sama. Ko da ya ke ya yi aikinsa sosai, a zuciyarsa yana ganin yaƙin nan zalunci ne, mai ƙarfi ya far wa marar ƙarfi. Cikin hafsoshin da suka yi suna a wannan yaƙi akwai wani mutumin jihar Virginia, Robert Lee. Za a sake jin sunansa nan gaba.

Shekarun wahala

Bayan yaƙi, cikin 1848, ya auri Julia Dent. Cikin 1852 aka tura rundunarsu can yamma, bakin tekun Pasifik. Albashinsa ba ya isa ya tafi da iyali, sai ya bar matarsa da ciki, ga ƙaramin ɗa. Ya shekara biyu bai sa su a ido ba. Kewa da zaman banza suka dame shi, ya faɗa shan giya. Cikin 1854, yana kyaftin, ya ajiye aikin soja. Da ya iso New York ba shi da ko abin biyan masauki, sai wani abokinsa na makaranta, Simon Buckner, ya tsaya masa.

Ya koma noma kusa da birnin St. Louis, a filin da surukinsa ya bayar. Da hannunsa ya sari itatuwa ya gina gida. Noma bai karɓe shi ba, ga zazzaɓi, ga faɗuwar kasuwa. A kan gan shi a bakin titi cikin tsohuwar rigarsa ta soja yana sayar da itacen wuta. Cikin 1857 har agogonsa ya jinginar. Ya gwada dillancin gidaje, shi ma bai yi ba, don ba ya iya matsa wa mai bashi.

A cikin wannan talauci ne ya yi wani abu da ya nuna irin zuciyarsa. Yana da bawa guda ɗaya, William Jones, wanda in ya sayar zai sami wajen dala 1,000, kuɗin da za su fid da shi daga ƙangi. Cikin watan Maris, 1859, ya tafi kotu ya rubuta masa takardar 'yanci, bai karɓi ko anini ba. Da shekara ta kewayo ya kwashi iyalinsa suka koma garin Galena a jihar Illinois, ya zama akawu a kantin ubansa, ƙarƙashin ƙannensa.

Abin da ya kawo yaƙin

Shekaru aru-aru Turawa suna sayen bayi a gaɓar Afirka, musamman Afirka ta Yamma, suna ƙetarewa da su cikin jiragen ruwa. A shekarar 1860 jikokin waɗannan mutane da ke cikin bauta a Amurka sun kusa miliyan huɗu. Jihohin Kudu da gumin bayi su ke noman auduga da taba da rake, su sayar wa Ingila da sauran ƙasashe. Jihohin Arewa kuwa sun riga sun hana bauta, sun fi dogara ga ma'aikatu da ƙananan gonaki.

Gardama ta yi zafi a kan sababbin ƙasashen da a ke buɗewa a yamma: a bar masu bayi su shiga da bayinsu, ko a hana? Cikin Nuwamba, 1860, aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, shi kuwa jam'iyyarsa ta ce bauta ba za ta ƙara yaɗuwa ba. Sai jihohin Kudu 11 suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, suka kafa tasu gwamnati, suka mai da Richmond babban birninsu. Ran 12 ga Afrilu, 1861, sojan Kudu suka buɗe wa kagarar Sumter wuta. Yaƙi ya tashi ke nan.

Darasin farko

Gwamnati ta nemi duk wanda ya san aikin soja. Cikin watan Yuni aka naɗa Grant kanar, aka ba shi wata runduna ta samarin ƙauye masu taurin kai, waɗanda suka gagari shugabansu na farko. Bai yi musu tsawa ba, bai zage su ba, amma duk dokar da ya kafa sai an bi. Kafin wata guda sun shiga taitayinsu.

Ba da daɗewa ba aka umurce shi ya tafi ya kori wani kanar na Kudu mai suna Harris daga sansaninsa a jihar Missouri. Wannan ne karon farko da rayukan mutane ke wuyansa shi kaɗai. Suna hawan tudun da sansanin ke bayansa, gabansa na ta faɗuwa, ya ji da ma yana gida. Amma bai ba da umurnin tsayawa ba. Da suka kai bisa tudu suka duba kwari, sai ga wurin wayam, Harris ya kwashe mutanensa ya gudu. Nan take Grant ya gane ashe yadda ya ke jin tsoron Harris, haka Harris ke jin tsoronsa. Bai taɓa manta wannan darasi ba. Daga ran nan ya daina ɓata lokaci wajen tunanin abin da abokin gaba zai yi masa, ya koma tunanin abin da shi zai yi.

Donelson da Shiloh

In aka duba taswirar Amurka za a ga manyan koguna sun ratsa ƙasar Kudu kamar hanyoyi. Grant, wanda yanzu ya zama janar, ya ga duk wanda ya riƙe kogunan nan ya riƙe ƙasar. Cikin Fabrairu, 1862, ya tafi da soja da jiragen ruwa masu sulke, ya ci kagarar Henry a bakin kogin Tennessee, sa'an nan ya kewaye kagarar Donelson a bakin kogin Cumberland. Manyan janar biyu na cikinta suka sulale da dare, suka bar na ukunsu da kaya. Wannan kuwa shi ne Buckner, abokin da ya tsaya masa a New York.

Buckner ya aiko yana tambayar sharuɗɗan sulhu. Grant ya amsa cewa babu wani sharaɗi, sai dai su miƙa wuya nan take. Ran 16 ga Fabrairu soja fiye da 12,000 suka ajiye makamai. Da aka gama sha'anin yaƙi, Grant ya ja abokinsa gefe, ya ce ga jakar kuɗinsa in yana da bukata. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Bayan wata biyu sai ya yi sakaci. Ya sauke rundunarsa kusa da wata 'yar majami'a da a ke kira Shiloh, bai sa an haƙa ramukan tsaro ba, don yana zaton abokan gaba na nesa. Da asubar ran 6 ga Afrilu suka auko musu ba zato. Kafin faɗuwar rana an tura sojansa har bakin kogi, dubbai sun warwatse. Da dare ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Ya shiga wata bukka don ya fake, ya tarar likitoci na yanke hannuwa da ƙafafun masu rauni, ya kasa jurewa, ya koma gindin itace cikin ruwa. Waɗansu hafsoshinsa suna ganin sai a ƙetare kogi a tsira. Shi kuwa ya ce da gari ya waye su za su fara kai hari. Gudummawa ta iso cikin dare, da safe suka tasar wa sojan Kudu, suka kore su.

A kwana biyun nan mutum fiye da 23,000 na ɓangarorin biyu suka mutu, ko suka yi rauni, ko suka ɓace. Amurka ba ta taɓa ganin irin wannan ɓarna ba. Jaridu suka yi ca a kansa, waɗansu suka ce a buge ya ke, ko da ya ke waɗanda ke tare da shi ran nan sun ƙaryata. Aka matsa wa Lincoln ya tuɓe shi, Lincoln ya ƙi.

Cin Vicksburg

Kogin Misisipi shi ne uban kogunan Amurka, ya raba ƙasar Kudu biyu. Mabuɗinsa kuwa wani gari ne, Vicksburg, wanda ke bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 200, an jera igwa suna kallon ruwa. Duk lokacin sanyin 1862 zuwa 1863 Grant na neman hanyar isa gare shi. Ya sa aka haƙa magudana don a karkatar da kogi, ba ta yi ba. Ya gwada ratsa fadamu, jirage suka maƙale. Dabara bayan dabara na rushewa, shi kuwa bai koma ba.

Daga nan ya yi abin da ya saba tun yana yaro, ya nemi hanyar zagaye. Ya bi da sojansa ta yammacin kogi har suka wuce garin ta kudu. Ran 16 ga Afrilu, 1863, da dare, jiragen yaƙi suka keta ta gaban igwogin Vicksburg a guje, suka riske shi, suka ƙetar da runduna zuwa gabas. Yanzu ga shi tsakiyar ƙasar abokan gaba, nesa da rumbunansa. Ya sa kowane soja ya ɗauki guzurin 'yan kwanaki, sauran abinci a samo a hanya. Cikin kwana 18 suka yi tafiyar wajen mil 200, suka yi karo biyar suka ci duka, suka kora rundunar Janar Pemberton cikin garin.

Sau biyu ya gwada shiga da ƙarfi, aka kashe masa mutane da yawa. Sai ya yi wa garin zobe, ba shiga ba fita, har kwana 47. Mutanen gari suka haƙa koguna a jikin tudu suka ɓuya, yunwa ta sa har naman alfadari aka ci. Ran 4 ga Yuli, 1863, Pemberton ya sallama da soja kusan 30,000. Grant ya sa suka yi alkawarin ba za su sake ɗaukar makami ba sai an yi musayar fursuna, ya sallame su. Sojansa kuma suka buɗe jakunkunansu suka ba mayunwatan abinci.

A farkon wannan shekara Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin da ke jihohin da suka ɓalle, aka kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja. Grant ya goyi bayan haka ƙwarai. Kafin yaƙi ya ƙare, baƙar fata wajen 180,000 sun sa kayan sojan Arewa. Cikinsu har da wani haifaffen Kukawa ta ƙasar Barno, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda Turawa suka sani da suna Nicholas Said. An kama shi yana yaro aka sayar da shi ƙetaren Sahara, ya zauna ƙasar Turkiyya da Rasha, ya sami 'yanci, daga baya ya isa Amurka. Ya shiga soja cikin 1863, har ya kai muƙamin saja.

Karo da Janar Lee

Cikin Nuwamba, 1863, Grant ya ceci wata rundunar Arewa da aka tsare a garin Chattanooga. Ganin haka, cikin Maris, 1864, Lincoln ya kira shi Washinton ya ɗora shi bisa dukan rundunonin ƙasar, mutum fiye da rabin miliyan. Ya iso birnin da ɗansa, cikin tufafi marasa ado, har akawun masauki bai gane shi ba sai da ya ga sunan da ya rubuta.

Shirinsa mai sauƙin faɗi ne. A da kowace runduna ta Arewa ta kan yi yaƙinta lokacin da ta ga dama, sai Kudu ta kwashe soja daga nan ta kai can. Grant ya ce duka su tashi lokaci guda. Ya tura amininsa Janar Sherman ya nufi birnin Atlanta, shi kuwa ya fuskanci Robert Lee a Virginia. Lee gwani ne ƙwarai, ya sha karya janar-janar na Arewa, kowane kuwa in ya sha kashi sai ya ja da baya ya koma wajen Washinton.

Ran 5 ga Mayu suka gamu a wani ƙungurmin daji da a ke kira Wilderness. Kwana biyu ana gwabzawa cikin sarƙaƙiya, mutum ba ya ganin na gabansa, daji ya kama wuta ya cinye masu raunin da suka kasa tashi. Grant ya yi hasarar mutum fiye da 17,000. Da daren 7 ga wata aka ce a ɗaura kaya, soja suka ɗauka komawa za a yi kamar kullum. Da suka iso mararraba sai suka ga an karya kwana an nufi kudu. Duk da gajiya suka ɓarke da sowa, har sai da Grant ya aika a yi shiru kada abokan gaba su ji.

Amma rashin juyawa yana da tsada. Ran 3 ga Yuni, a Cold Harbor, ya tura sojansa su auka wa ramukan da mutanen Lee suka haƙa suka shirya sarai. Dubbai suka zube cikin ɗan lokaci, ba a sami ko taki ɗaya ba. Cikin mako shida hasararsa ta kai wajen mutum 55,000, har mutane suka riƙa kiransa mahauci. Shi da kansa ya amsa daga baya cewa harin nan kuskure ne, kuma ya yi nadamarsa har ya mutu.

Sai ya sake dabara. Ya janye cikin dare, aka jera kwale-kwale aka shimfiɗa gada mai tsawon ƙafa fiye da 2,000 a kan kogin James, ya ƙetare ya tsare Petersburg, mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa da ke ciyar da Richmond. Wata tara da 'yan kai ana zaune cikin ramuka. Sherman ya ci Atlanta, abinci da mutane suka yi ta ƙare wa Lee. Ran 3 ga Afrilu, 1865, sojan Arewa suka shiga Richmond.

Ranar sallama

Lee ya nufi yamma da sauran mutanensa, Grant ya bi shi ya sha gabansa. Ran 9 ga Afrilu, 1865, suka sadu a wani gida a ƙauyen Appomattox. Lee, dattijo mai shekara 58, ya zo cikin sababbin kayan sarauta da takobi mai ado. Grant, mai shekara 42, ya shigo da taɓo a takalmansa, ba ko takobi. Ya ga mutumin da ya wahalshe shi shekara guda ya zo hannunsa, amma maimakon murna sai baƙin ciki ya kama shi. Yana girmama jaruntakar mutanen Kudu, ko da ya ke yana ganin abin da suka yi yaƙi dominsa mugun abu ne. Suka taɓa hirar zamanin Meksiko, har sai da Lee ya tuna masa abin da ya tara su.

Grant ya zauna ya rubuta sharuɗɗa. Soja su ajiye bindigogi, su yi alkawarin barin yaƙi, kowa ya koma gidansa, kuma hukuma ba za ta taɓa su ba muddin sun riƙe alkawari. Hafsoshi su tafi da takubansu da dawakinsu. Lee ya ce a rundunarsa sojan doki da nasu dabbobin suka zo. Grant, wanda ya san wahalar manomi, ya ce duk mai doki ko alfadari ya tafi da abinsa, don ga lokacin shuka ya zo. Da ya ji mutanen Lee sun kwana biyu ba abin da su ke ci sai gasasshiyar masara, ya sa aka aika musu da abincin mutum 25,000. Sojansa suka soma buga igwa don murna, ya aika a daina, ya ce waɗanda aka ci ɗin 'yan ƙasarsu ne.

Bayan kwana biyar wani mai goyon bayan Kudu ya harbi Lincoln a gidan wasan kwaikwayo, ya mutu washegari. Zukata suka ɓaci, aka tashi za a gurfanar da Lee gaban shari'a a kan cin amanar ƙasa. Grant ya tafi wurin sabon shugaba, Andrew Johnson, ya ce shi ya sa hannu a takardar da ta ba Lee amana, in aka karya ta zai ajiye aikinsa. Dole aka bar maganar. Cikin Disamba na shekarar aka sa hana bauta cikin tsarin mulkin ƙasar.

Ƙarshen ransa

Grant ya zama shugaban Amurka na 18, ya yi mulki daga 1869 zuwa 1877. A zamaninsa aka kafa dokar da ta hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa, ya kuma tura soja suka murƙushe ƙungiyar Ku Klux Klan da ke kashe 'yantattun bayi. Amma halin nan na yaron da ya sayi dukushi bai rabu da shi ba: yana zaton kowa mai gaskiya ne kamarsa. Waɗansu manyan ma'aikatansa suka ci amana suka wawuri dukiyar hukuma, sunan mulkinsa ya ɓaci. A zamaninsa kuma aka ƙwace wa Indiyawan Amurka, mutanen ƙasar na asali, tuddan Black Hills bayan an ga zinariya a cikinsu.

Cikin 1884 wani abokin cinikinsa, Ferdinand Ward, ya cinye masa dukiya ƙaf. A shekarar nan kuma likitoci suka ga ciwon daji a maƙogwaronsa, shi kuwa ya daɗe yana yawan shan taba. Ya ga zai mutu ya bar Julia hannu wofi. Sai ya ɗauki alƙalami ya shiga rubuta labarin rayuwarsa. Haɗiyar ruwa ma azaba ce gare shi, murya ta tafi, barci sai a zaune, amma kullum yana rubutu. Ya gama littafin, bayan 'yan kwanaki ya rasu, ran 23 ga Yuli, 1885, yana da shekara 63. Littafin ya samar wa matarsa wajen dala 450,000.

Aka yi jana'izarsa a New York. Cikin masu rakiyar akwatin gawarsa akwai janar biyu na Arewa, Sherman da Sheridan, da janar biyu na Kudu, Johnston da tsohon abokinsa Buckner. Hotonsa na kan takardar dala 50 ta Amurka. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka rena shi ke tsone maka ido. Yaron da aka yi wa laƙabi da marar amfani ya faɗi sau da yawa, ya yi kurakurai masu tsada, amma bai bar hanya ba sai da ya kai, kuma ran da abokin gabansa ya zo hannunsa bai wulakanta shi ba.

Tambayoyi

1. Mene ne yaƙin basasa? Me ya kawo na Amurka?
2. Don me Grant ya ƙi sana'ar ubansa, kuma wane aiki ya fi so?
3. Me ya yi wa William Jones cikin 1859? Me ya sa wannan abu ya yi masa wuya?
4. Wane darasi ya koya a sansanin Kanar Harris?
5. Nemi kogin Misisipi a taswira, ka nuna yadda Grant ya zagaye Vicksburg.
6. Wane ne mutumin Barno da ya shiga wannan yaƙi?
7. Faɗi kurakurai biyu da Grant ya yi a fagen fama.
8. Rubuta abubuwa uku da ya yi wa sojan Lee ran da suka sallama, ka faɗi dalilin kowanne.